Daga Toka Zuwa Omo: Tarihin Sabulu da Zaɓin da Ke Gabanmu

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan mun ga yadda jama'a, musamman matan birane, suke komawa ga sabulun salo da man kaɗe, suna gudun kayan wanka na kanti. Wasu na ganin yayi ne kurum, wanda zai wuce kamar sauran. A wannan takarda za mu waiwayi tarihi domin mu nuna cewa akwai hujja mai ƙarfi ta fifita sabulu na asali, amma hujjar ba ta tsayuwa sai an haɗa ta da ilimi da awo.

Da farko ya kamata mu bambance abubuwa biyu. Sabulu na asali shi ne abin da ake samu idan an dafa mai ko kitse da ruwan toka ko makamancinsa. Kayan wanki na haɗi kuwa su ne waɗanda ake harhaɗawa a masana'anta, galibi daga sinadaran man fetur. Garin wanki irin wannan shi ne Bahaushe ya yi wa kuɗin goro, yake kiransa omo ko wane kamfani ya yi shi.

2.0 Sabulu Kafin Zuwan Turawa

Kalmar "sabulu" aro ce daga Larabci, watau "sabun", kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna daɗaɗɗiyar hulɗar ciniki tsakaninmu da ƙasashen Larabawa. A can, biranen Halab da Nabulus sun yi ƙarnoni suna suna wajen sabulun man zaitun. Sana'ar ta bunƙasa a Turai ma, har a 1688 Sarkin Faransa ya kafa dokar da ta hana masu yin sabulu a birnin Marsai amfani da kitsen dabba.

A Afirka ta Yamma muna da namu. Yarabawa suna da baƙin sabulu da suke kira "ose dudu", mutanen Gana na ce masa "alata samina", mu kuma mun san shi da sabulun salo. Mata ne ke yin sa. Sukan ƙona ɓawon agade ko na koko, su tace tokar da ruwa, sa'an nan su dafa ruwan tokar da man alayyadi ko manja ko man kaɗe, suna juyawa har ya yi kauri. Ban da wannan, mutanen karkara sun san ɓawon aduwa yana kumfa, sukan wanke tufafi da shi. Abin lura a nan shi ne, dukkan kayan haɗin daga ƙasa suke fitowa, kuma ƙasa ke cinye su idan an zubar da ruwan wanki.

3.0 Mai Ya Fita, Sabulu Ya Shigo

Abin da ya mayar da sabulu kayan masana'anta shi ne kimiyya. A 1791 wani Bafaranshe mai suna Leblanc ya fito da hanyar samar da soda daga gishiri, sai aka rage dogara ga toka. Abin da ya rage wa masana'antun Turai shi ne mai, a nan ne fa idonsu ya juyo kanmu. A tsakiyar shekarun 1880 William Lever ya fara sayar da sabulun Sunlight a Ingila. A 1911 layin dogo ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe. A 1920 kamfanin Lever ya sayi Kamfanin Neja, sa'an nan a cikin shekarun 1920 ya kafa masana'antar sabulu a Apapa ta Ikko.

To, sai aka wayi gari manja da ƙwara da gyaɗa suna fita da araha, sabulu yana dawowa a nannaɗe cikin takarda. Talla kuwa ta yi aikinta, har tsabta ta zama ana auna ta da fari da ƙamshi da yawan kumfa, baƙin sabulu ya koma abin ƙauye.

4.0 Kayan Haɗi da Abin da Ya Biyo Baya

Ba neman lafiyar fata ne ya haifi kayan wanki na haɗi ba, ƙarancin mai ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya kitse ya yi wuya a Jamus, sai masana suka ƙirƙiro madadin sabulu. Bayan Yaƙi na Biyu abin ya bazu: Tide ya fito a Amurka a 1946, aka fara sayar da garin Omo na haɗi a Ingila a 1954. Lalle ne mu yi adalci, waɗannan kaya sun fi sabulu aiki a ruwa mai gartsi, inda sabulu ke yin gudaji ya ƙi kumfa.

Amma ba a jima ba illa ta bayyana. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ƙazanta a ruwa sun kasa cin sinadaran farko, sai kumfa ta riƙa tudu a kogunan Turai da Amurka. Jamus ta Yamma ta yi doka a 1961, kamfanonin Amurka kuma suka sauya sinadari a 1965. Ana gama wannan sai ga matsalar fosfet, wanda ke zama taki ga gansakuka. Idan ta yi yawa ta ruɓe, sai ta shanye iskar da kifi ke shaƙa. Haka ya faru a Tafkin Iri a shekarun 1960, har Amurka da Kanada suka ƙulla yarjejeniya a 1972. Tarayyar Turai ba ta taƙaita fosfet a garin wanki ba sai a 2013. A 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sinadarai 19, ciki har da tirikilosan, a sabulan da ake tallatawa da sunan kashe ƙwayoyin cuta, domin kamfanoni sun kasa nuna cewa sun fi sabulu da ruwa amfani.

Darasin a fili yake: kowane sabon haɗi sai an daɗe ana amfani da shi kafin a gane aibinsa. Wannan ya fi shafar mu, domin a yawancin garuruwanmu ruwan kwata ba ya bi ta matata. A Kano, misali, ruwan Jakara ya wuce ta unguwanni ya isa ga 'yan lambu masu ban ruwa.

5.0 Maganar Fata

A nan sai mun yi hattara. Sabulun gargajiya yakan riƙe gilisarin ɗinsa da ragowar mai, waɗanda ke tausasa fata, kuma na ainihi ba shi da turare ko rini, alhali turare na cikin manyan abubuwan da ke jawo ƙaiƙayi. Har ila yau ya kuɓuta daga zaiba, wadda aka daɗe ana zubawa a sabulan sauya launin fata, tana lalata ƙoda, har Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa ta cikin abubuwan da za a daina.

Duk da haka, fatar ɗan Adam tana da ɗan tsami, kusan 5 a ma'aunin pH, sabulu na asali kuwa yakan kai 9 ko 10. Saboda haka sabulun salon da toka ta yi wa yawa yana busar da fata, har ya ƙona ta, kuma likitocin fata sukan zaɓa wa jarirai da masu ƙyasbi wasu kayan haɗi masu sauƙi. Bugu da ƙari, ba duk baƙin sabulun kasuwa ne na ainihi ba, akwai wanda rini aka zuba masa.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa ba gazawa ce ta kori sabulun salo daga gidajenmu ba, ciniki da talla ne. Mun kuma ga cewa ƙasashen da suka ƙirƙiro kayan haɗi sun shafe fiye da shekara hamsin suna gyaran ɓarnarsu. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an tace ta. Shawararmu ita ce sassan kimiyyar haɗa sinadarai na jami'o'inmu su zauna da matan da ke wannan sana'a, a auna toka da mai, a fitar da ƙa'ida. Malaman harshe da tarihi kuma su tattara kalmomi da dabarun sana'ar tun masu su suna raye. Idan aka yi haka, mai saye zai zaɓi sabulun gida bisa sani, ba don yayi ba.