Dodon da Ya Gaji Kuskuren Masana

A shekarar 1912 marubucin Birtaniya Arthur Conan Doyle ya wallafa littafinsa The Lost World, inda ya ƙago wani tudu a dajin Kudancin Amurka da dabbobin dainoso ba su ƙare ba. Littafin ya ƙara yaɗa wani salon labari mai ɗorewa: ɓoyayyiyar ƙasa, matafiya masu ƙarfin hali, da dodon da ke farautarsu.

A lokacin, masana ba su daɗe da sanin Tyrannosaurus rex ba. Barnum Brown ya tono ƙasusuwansa a jihar Montana a 1902, Henry Fairfield Osborn kuma ya raɗa masa suna a 1905. Da aka harhaɗa ƙwarangwal ɗinsa a gidan adana kayan tarihi na New York a 1915, an tsayar da shi a miƙe, jela a ƙasa, da yatsu uku a kowane hannu, domin ba a samo cikakken hannunsa ba tukuna. Irin wannan siffa ce fim ɗin King Kong na 1933 ya ɗauka, ya kai ta tsibirin Skull, wato Tsibirin Ƙoƙon Kai, inda dodon ya yi artabu da ƙaton goggon biri.

Daga baya bincike ya gyara hoton. Yatsu biyu gare shi, kuma jikinsa a kwance yake tafiya, jelar na sama tana daidaita nauyin kansa. A shekarun 1990 gidan tarihin ya sake ɗora ƙwarangwal ɗin bisa sabon sani.

Da Peter Jackson ya sake shirya King Kong a 2005, ya san duk wannan, amma tsohon dodon yake so. Sai ma'aikatansa suka ƙirƙiro sabon jinsi, Vastatosaurus rex, mai yatsu uku da fata irin ta kada. Suka ce jikan Tyrannosaurus ne da ya ci gaba da sauyawa a tsibirin, bayan danginsa sun shuɗe shekaru miliyan 66 da suka wuce. Wato kuskuren 1915 aka yi wa sabon suna, aka kuma ba shi asali.

Masu kallon fim sun fi masu ziyartar gidan tarihi yawa nesa ba kusa ba. Saboda haka masani kan gyara kuskurensa a takarda, amma hoton da ya riga ya zauna a zukatan jama'a yakan daɗe bai goge ba.