Babur a Kan Turbar Fatake

A ranar 11 ga Disamba, 1934, wasu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka bar Landan bisa babur ƙirar Panther. Sun keta Sahara ta Tamanrasat da Agadas, suka yada zango a Kano, suka isa Kef Tawun ta Afirka ta Kudu a Yulin 1935. A komowa, Florence kaɗai ta kamo hanya.

Turawa sun ɗauki tafiyar abin al'ajabi. Amma hanyar Agadas zuwa Kano tsohuwar turba ce da ayarin Buzaye suka daɗe suna bi da gishirin Bilma. Ya kamata matasanmu na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni su sani: sawun raƙumi babur ya taka.