Koyon Rubutun Ilimi a Shekarar Farko ta Jami'a

Rubutun ilimi shi ne wanda ɗalibi yake kafa maganarsa a kan hujja, ya kuma nuna inda ya samo hujjar. Ya sha bamban da abin da yawancinmu muka saba a sakandare, wato mu haddace bayanin malami mu mayar masa a jarrabawa.

A jami'o'in Nijeriya ana soma koyar da shi a aji ɗaya, cikin darussan gama-gari da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta wajabta wa kowane ɗalibi, musamman darasin Turanci mai lamba GST 111.

Abubuwa huɗu ne ginshiƙansa. Na fari, sakin layi: ra'ayi ɗaya tak, jimlar farko ta faɗe shi, sauran su kawo dalili. Na biyu, tsari: gabatarwa, gundarin bayani, kammalawa. Na uku, taƙaitawa: ɗalibi ya karanta, ya rufe littafin, ya rubuta da kalmominsa. Na huɗu, ambaton majiya: a salon APA, alal misali, ana sa sunan marubuci da shekarar bugu.

Wanda ya kwashi rubutun wani bai ambace shi ba ya yi sata. Jami'o'i da dama suna bincikawa da manhajar Turnitin, hukuncin kuwa yakan kai ga faɗuwa, wani lokaci har kora.

Saboda haka mu ƙarfafa 'ya'yanmu kada su raina wannan darasi. Wanda ya yi masa riƙon sakainar kashi zai gane kurensa ranar rubuta kundin kammala digiri.