Daga Kofin Jalco Zuwa WAFU: Ƙwallon Maƙwabta

A gidajen kallon ƙwallo na Kucheri da Tsafe da Gusau, yaro ɗan shekara goma zai lissafa maka 'yan wasan Arsenal kaf, har da na benci. Kofin WAFU kuwa kaɗan ne suka san labarinsa, alhali a karawa da maƙwabta ƙwallon Najeriya ta yi rarrafe.

Tun kafin 'yancin kai, a 1951, kamfanin sayar da motoci na Joe Allen ya sanya kofi tsakanin Najeriya da Gold Coast, wato Ghana ta yau. Shi ne Kofin Jalco. Wasa ɗaya ake yi a shekara, bana a Legas, baɗi a Accra. Najeriya ta lashe na farko da ci 5 da nema, amma a 1955 aka zura mata 7 ba ko ɗaya a Accra, kayen da har yau yana cikin mafi muni a tarihinta. Kofin ya tsaya a 1959. Gabar da ya haifa kuwa tana nan daram.

Daga nan sai aka shiga zamanin kafa kofi da watsar da shi. Kofin zinare na Nkrumah bai daɗe ba. An kafa WAFU, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta Yamma, a 1975, amma gasar ƙasashenta ta yanzu sai a 2010 ta kankama a jihar Ogun, inda Najeriya ta doke Senegal 2 da nema a wasan ƙarshe. Togo ta zo har Abeokuta ta ɗauke kofin a 2011.

Ni dai gasar 2017 a Ghana ce ta fi taɓa ni, domin Arewa ta fito fili a cikinta. Salisu Yusuf ne koci, 'yan wasan duka na gasar cikin gida ne, Rabi'u Ali na Kano Pillars yana tsakiyar fili. Sun doke Ghana 2 da nema a rukuni, sannan Ghana ta rama da 4 da 1 a wasan ƙarshe a Cape Coast. Nijar ta zo ta uku. Masu raina Mena, ƙungiyar Nijar, sun manta cewa a 2010 ita ta hana Najeriya zuwa gasar CHAN, bayan ta ci 2 da nema a Yamai, aka tashi canjaras a wasa na biyu. Zamfara na da iyaka da Nijar, aure da kasuwa sun haɗa mu da Maraɗi, amma ba mu taɓa samun kofin shekara-shekara tsakanin ƙasashen biyu ba. Wannan yana ci mini rai.

Ingila da Scotland da Wales da Ireland sun riƙe tasu gasar daga 1884 zuwa 1984, shekara ɗari cur, saboda tana da lokacinta sananne. Tamu ta WAFU kuwa tana jiran mai ɗaukar nauyi ne, in ya janye ta kwanta. Bayan Senegal ta lashe ta 2019 a Thiès da bugun fanareti, sai aka ji tsit. Wanda ya yi asara shi ne ɗan wasan gida, irin na Zamfara United ko Katsina United, wanda ba kasafai ake kiransa Super Eagles ba sai a irin wannan gasa.