Madagaska: Tsibiri Ɗaya, Damina Kashi Biyu

A shirinmu na wannan mako mun leƙa Madagaska, tsibiri na huɗu mafi girma a duniya, kimanin kilomita 400 daga gaɓar Mozambik.

Tsaunuka ne suka ratsa tsakiyarsa daga arewa zuwa kudu, kuma su suka raba wa mutane arziki. Iskar da ke tasowa daga tekun Indiya a gabas take juye ruwanta, shi ya sa Toamasina, babbar tashar jiragen ruwan ƙasar, ba ta rabuwa da ruwan sama da guguwa. Kafin iskar ta kai Toliara a kudu maso yamma, ta bushe ƙayau.

A kan tudun tsakiya mai sanyi, inda shinkafa ke albarka, sarakunan Merina suka kafa Antananarivo a ƙarni na 17. Daga can Radama na Ɗaya ya gangaro ya kama Toamasina a 1817. Faransawa suka ci Antananarivo a 1895, ƙasar ta sami 'yanci a 1960, shekarar da Nijar ta sami nata.

To, kudu fa? Can ƙabilar Antandroy da shanunsu suka dogara da raketa, wata shuka mai ƙaya da ke riƙe ruwa. A shekarun 1920 wani ƙwaro da aka shigo da shi ya cinye ta ƙarƙaf. Wajen 1930 yunwa ta faɗo, shanu suka mutu, mutane suka watse neman abinci. Kere suke kiran wannan yunwa, kuma ko a 2021 sai da ta dawo. Duk manomin da ya taɓa jiran hadari bai gani ba, ya san abin da muke nufi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.