Fosta Ta Cika Gari: Shin Yawan Talla Na Nufin Fim Ya Yi Kyau?

Mai karatu, idan ka ga fostar wani fim ta cika gari, ka buɗe rediyo ka ji shi, ka kunna talbijin ka gan shi, ka ɗauki waya ya biyo ka har can, me ke fara zuwa maka a rai? Yawancinmu cewa muke yi lallai wannan fim ba ƙarami ba ne, tunda ba wanda zai zuba dukiya haka a kan abin banza. Wannan tunani bai rasa madogara ba. Wani masanin tattalin arziki a Amurka, Phillip Nelson, ya yi rubutu a 1974 yana cewa kashe kuɗi masu yawa a kan talla shi kansa saƙo ne, domin mai kaya ba zai yi wannan ɗawainiya ba sai ya tabbata wanda ya saya sau ɗaya zai dawo. Maganar ta zauna daram a kan sabulu da ganyen shayi. To fim fa? Sau nawa kake yankar tikitin fim ɗaya? Mafi yawan 'yan kallo sau ɗaya ne, kuma sai sun biya kafin su san abin da suka saya. Wanda ya fito yana tsaki ba mai mayar masa da kuɗinsa a bakin ƙofa.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, a Hollywood ta da, fim ɗin da aka saka a ko'ina lokaci guda da ganga da algaita shi ne abin zargi. Idan kamfani ya yarda da fim ɗinsa, gidajen sinima ƙalilan yake kai shi a manyan birane irin su New York da Los Angeles, ya bar shi ya yi watanni, waɗanda suka gani su gaya wa waɗanda ba su gani ba, sannan a hankali ya gangara ƙananan garuruwa. Haka aka yi da The Sound of Music na 1965, wanda ya shafe fiye da shekara huɗu ana nuna shi. Fim ɗin da ake shakkarsa kuwa, shi ake bugawa kwafi da yawa a watsa, a kwashi kuɗin mutane kafin labarinsa ya riga shi isa gari na gaba.

Gwanin wannan dabara shi ne wani ɗan kasuwa daga Boston, Joseph E. Levine. Ya sayi haƙƙin nuna wani fim na Italiya mai suna Hercules a kan dala 120,000, ya sa aka ɗora masa muryoyin Turanci, sannan a 1959 ya kashe fiye da dala miliyan 1 wajen tallarsa, ya buga kwafi kusan 600. Lissafa da kanka: kuɗin shela ya ninka kuɗin kayan fiye da sau takwas. Ya ci riba mai kauri. Amma ko shi Levine bai yi wannan aiki don ya samu fim ɗin da ya fi kowane kyau ba. Ya dai san cewa damtsen jarumin, Steve Reeves, zai yi kyau a jikin fosta.

Shekarar 1975 ce ta juya al'amarin. Kamfanin Universal ya ɗauki wani matashin darakta, Steven Spielberg, ya mayar da littafin Peter Benchley mai suna Jaws zuwa fim, labarin wani ƙaton kifin teku mai cin mutane. Aikin ya sha wahala. Kifin ƙarfen da aka ƙera ya yi ta lalacewa a cikin ruwa, ɗaukar da aka shirya wa kwana 55 ta kai kwana 159. Sai dai kafin a fito da shi, a watan Maris, an gwada nuna shi ga 'yan kallo a Dallas, aka ji yadda suke ihu a cikin duhu. Kamfanin ya saki bakin aljihu: kimanin dala miliyan 1.8 a kan talla, daga ciki dala 700,000 ta tafi ga talbijin. Masu karatun littattafai ma ba a bar su a baya ba, domin hoton da ke bangon littafin na araha shi ne na jikin fostar, kifi yana tasowa daga ƙasa, mace tana iyo a sama. Ran 20 ga Yuni aka buɗe shi a gidajen sinima fiye da 400, ya zama fim na farko da rabon kamfaninsa daga sinimomin Amurka ya haura dala miliyan 100.

A nan nake so ka lura da jerin abubuwan. Sai da aka ga fim ɗin yana da kyau sannan aka cika talbijin da tallarsa. Amma darasin da 'yan kasuwar fim suka ɗauka rabi ne kawai: a cika talbijin da talla, a buɗe a ko'ina. Rabin farko suka bar shi a Dallas.

Wata biyu bayan fitowar Jaws, a can Indiya, wani fim da kusan kowane mai kallon Indiya a ƙasar Hausa ya sani ya nuna ɗaya fuskar al'amarin. Sholay na Ramesh Sippy ya fito ran 15 ga Agusta, 1975, da manyan jarumai, Dharmendra da Amitabh Bachchan da Hema Malini, ga kuɗi an kashe. Duk da haka makonnin farko sun zo da sanyi, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, har masu fim ɗin suka fara shawarar sake ɗaukar ƙarshensa don kada Amitabh ya mutu. Abin da ya tashe shi bakin mutane ne. Yara a titi suka kama maimaita maganganun Gabbar Singh, wanda ya gani ya koma da abokinsa, fim ya yi fiye da shekara biyar a sinimar Minerva ta Bombay.

A Amurka kuwa tsarin Jaws ya zama doka, kuma akwai dalilin kuɗi a ƙarƙashinsa. A yarjejeniyar da aka saba yi da masu gidajen sinima a wancan zamani, kason kamfani daga kuɗin tikiti ya fi tsoka a makonnin farko, yana raguwa yayin da fim ke daɗewa. Saboda haka duk ƙarfin talla ya koma kan kwana ukun farko. Ƙungiyar manyan kamfanonin fim ta Amurka, MPAA, ta ce a 2007 matsakaicin kuɗin shirya fim ɗaya a wurinsu ya kusa dala miliyan 71, na tallarsa kuma ya kusa miliyan 36. Galibi ana tsara wannan kasafi ne gwargwadon abin da aka kashe wajen shiri, ana kama lokacin talbijin da ranar fitowa tun fim bai kammala ba. Ke nan yawan talla yana gaya maka nauyin kuɗin da ke kan masu fim, da yadda suke tsoron asararsa.

Godzilla na 1998 ya isa misali. Kamfanin Sony ya cika motocin haya da bangon benaye da rubutun da ke kwatanta girman dodon, aka ɓoye kamanninsa don a ƙara wa mutane ɗoki, aka buɗe shi a gidajen sinima fiye da 3,300. Jama'a sun je, ba a ce ba su je ba, ya tara kusan dala miliyan 380 a duniya. Amma sun fito ransu a ɓace, kuma ci gaban labarin da aka shirya yi aka fasa. Shekara uku bayan haka abin kunya ya biyo baya. A 2001 mujallar Newsweek ta bankaɗo cewa wani mai sharhi, David Manning, wanda ake saka kalamansa na yabo a tallar finafinan Sony irin su A Knight's Tale da The Animal, babu shi a duniya. Ma'aikatan sashen talla ne suka ƙirƙire shi. A 2005 kamfanin ya amince ya ware dala miliyan 1.5, duk wanda ya kalli finafinan ya karɓi dala 5 a kan tikitinsa.

Kada ka ce ina nufin duk fim mai ƙarar talla holoƙo ne. Jurassic Park ya sha talla a 1993, kuma ya cika alƙawari. Abin da masu harkar da kansu suke dubawa shi ne mako na biyu, lokacin da maganar waɗanda suka gani ta fara aiki. Hulk na 2003 ya buɗe da dala miliyan 62, a ƙarshen mako na biyu cinikinsa ya faɗi da kusan kashi 70 cikin 100. Titanic na 1997 kuwa cinikin makonsa na biyu ya fi na farko, ya yi mako 15 a jere yana kan gaba. Ga kuma My Big Fat Greek Wedding na 2002, wanda aka shirya da dala miliyan 5, aka fara nuna shi a sinimomi 108 kacal, bai taɓa zama na ɗaya ko mako guda ba, amma ya tara dala miliyan 241 a Amurka.

Mu ma nan gida mun ɗanɗana. Ka tuna zamanin kaset, lokacin da ake jera tallar finafinai masu fitowa a farkon wanda ka saya, a zaɓo waƙar da ta fi daɗi da faɗan da ya fi zafi a haɗa maka cikin minti biyu? Sau da yawa abin da ke cikin tallar shi ke nan abin kallo a fim ɗin. Sai dai kasuwarmu tana da nata alƙalin, domin fim da littafi kashi-kashi suke fitowa. Talla tana iya sayar da na ɗaya. Na biyu da na uku kuwa, sai wanda ya ƙagu ya ji ƙarshen labari yake komawa shago neman su, kuma a nan ne kawai maganar Nelson ta mai dawowa take kama fim.

Zuwan wayar hannu ya rage wa talla tazarar da take samu. Da sai an yi mako kafin hukuncin 'yan kallo ya zaga, yanzu kafin a tashi daga nunin farko ya isa ko'ina. Thugs of Hindostan na kamfanin Yash Raj ya fito ran 8 ga Nuwamba, 2018, lokacin bikin Diwali, da Amitabh Bachchan da Aamir Khan a fim ɗaya karo na farko. A ranar farko ya tara fiye da rufi miliyan 500, abin da wani fim na Hindi bai taɓa yi ba kafinsa. Washegari ciniki ya yi ƙasa sosai, kwana ƙalilan kujeru suka zama wayam. Kafin watan ya ƙare Aamir Khan ya fito gaban 'yan jarida ya ɗauki alhakin abin, ya ba waɗanda suka je kallo da ɗoki haƙuri.