Dutsen Sina'i: Tushen taƙaddamar Masar da ruhubanawan Sant Katrin

Dutsen Sina'i, wanda Larabawa ke kira Jabal Musa, yana kudancin yankin Sina'i na ƙasar Masar, tsayinsa mita 2,285. Bisa al'ada, nan ne Allah ya yi magana da Annabi Musa, shi ya sa Musulmi da Kirista da Yahudawa ke girmama shi. A ƙololuwarsa akwai ƙaramar majami'a da masallaci dab da juna.

Masu kula da wurin

A gindin dutsen akwai gidan ibadar Sant Katrin, wanda Sarkin Rumawa Justinian ya gina a ƙarni na 6. Mazaunansa ruhubanawa ne, wato Kiristocin da suka keɓe kansu domin bauta, kuma mabiya ɗarikar Otodoks ta Girka. Su ne suka daɗe suna riƙe da majami'u da lambunan da ke kan dutsen da kewayensa. A 2002 UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya.

Aikin gwamnati

Tun daga 2021 gwamnatin Shugaba Abdel Fattah al-Sisi ke aiwatar da aikin "Babban Tajalli", wanda ya ƙunshi otal-otal, gidaje, hanyoyi da faɗaɗa filin jirgin sama, domin jawo masu yawon buɗe ido da samun kuɗin shiga. A 2023 UNESCO ta nemi a dakata har sai an tantance illarsa.

Hukuncin kotu

A watan Mayun 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta Isma'iliyya ta yanke cewa ƙasar mallakar gwamnati ce, ruhubanawan kuwa suna da haƙƙin amfani da wuraren ibada. Shugabannin coci a Girka sun kira hukuncin ƙwace, ruhubanawan suka rufe ƙofa ga baƙi domin nuna fushinsu. Fadar shugaban Masar ta ce ba za a taɓa martabar gidan ba.

Waɗanda abin ya fi shafa

'Yan ƙabilar Jabaliyya, Musulmin da suka shafe ƙarnoni suna gadin gidan da yi wa baƙi jagora, ba su da wata ƙasar waje da ke tsaya musu. Rahotanni sun ce an rushe wasu gidajensu, an kuma tono makabartarsu domin yin wurin ajiye motoci. Saboda haka taƙaddamar ba ta tsaya kan takardun fili ba. Ta haɗa da batun wanda zai ci gajiyar wurin da wanda za a tasa.